Rokar da Ta Faɗo Ba Ta Fashe Ba



Labaran yaƙi da na 'yan bindiga sun yi yawa a rubuce-rubucenmu a 'yan shekarun nan. Ba abin mamaki ba ne, marubuci abin da ke damun mutanensa yake rubutawa. Sai dai akwai wani fage guda da nake ta cin karo da shi, a littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, har da waɗanda ake kawowa a karanta a zaman ƙungiya. An harbo roka, ta faɗo tsakar gida ko gaban motar jarumi, ba ta fashe ba. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Jarumi ya taka cikin isa, ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ce ai ta mutu, ya yi wurgi da ita bayan katanga. Wani marubucin ma sai ya sa a kai ta ɗaki a ajiye don tarihi, ko a miƙa wa yaro ya riƙe.

Ra'ayina shi ne mu daina rubuta wannan fagen. Ƙarya ce irin wadda za ta iya kashe mai karatu ko ƙaninsa, sannan gaskiyar al'amarin ta fi ta daɗin labari nesa ba kusa ba. Amma kafin ku yarda da ni sai mun leƙa cikin kan rokar, mun ga abin da ke faruwa daga lokacin da aka harba ta zuwa lokacin da ta dira.

A hancin roka akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce a riƙe a tafin hannu ba. Sojoji da aron bakin Bature suna ce mata fiyus, amma in ka rubuta fiyus mai karatu na mitar gidansu zai tuna, wanda aikinsa yanke wuta ne. Wannan kuwa kunna ta yake yi. Don haka a nan zan kira shi makunni. Iri-iri ne: akwai wanda ke ƙirga lokaci, akwai wanda ke jin kusancin abin da aka hara ya tashi kafin a kai gare shi, akwai kuma wanda sai ya daki wani abu, wato makunnin karo. Shi ne aka fi samu a kan rokokin da muke jin labarinsu, kuma a kansa maganarmu take.

Abu na farko da yawancinmu ba mu lura da shi ba: nakiyar da ke cike da cikin roka ba ta da saurin fushi. Da gangan aka yi ta haka. Abu ne da za a loda a mota a bi da shi hanya mai gargada, a sauke, a jibge a ma'ajiya shekara da shekaru, wani soja ya yi sakaci akwati ya suɓuce masa. Da a ce ɗan bugu kaɗan yana tayar da ita, da babu rundunar da za ta iya riƙe ta. To in haka ne, yaya ake tayar da ita in an so? Kamar yadda ake hura wuta a murhu. Ba wanda ke ƙyasta ashana ya kara a jikin gungume. Ashana takan kama yayi, yayi ya kama ƙirare, ƙirare su kama gungume. Haka abin yake a cikin roka: akwai ɗan mitsitsin sinadari mai saurin kamawa, shi ne ashanar, shi zai tayar da na tsakiya wanda ya fi shi yawa da ƙarfi, na tsakiyan ya tayar da babbar nakiya. Duk wannan a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Dabarar injiniyoyi ita ce, muddin roka tana ajiye, ashanar ba ta kan layi ɗaya da ƙiraren. An dasa ta a jikin wani ɗan ƙarfe mai juyawa ko mai zamewa, an kautar da ita gefe, akwai shamaki a tsakani. Ko da wani tsautsayi ya sa ta kama a wannan halin, wutarta ba za ta isa ga na gaba ba. Kuma wannan ɗan ƙarfen a kulle yake. Ƙa'idar da sojojin Amurka da na ƙungiyar NATO suke bi ta ce makullan su zama aƙalla biyu, kowanne da abin da ke buɗe shi daban, kuma abin ya zama wanda sai an harba makamin yake samuwa.

A nan Hausa ta ba mu kalmar da ta dace tsaf: ɗanawa. Maharbi yana ɗana kunamar bindiga, yaro yana ɗana tarkon kurciya. Tarkon da ba a ɗana ba ko ka taka shi ba abin da zai yi maka. Wanda aka ɗana kuwa taɓi kaɗan yake jira. Bambancin roka da tarko shi ne ita ba hannun mutum ke ɗana ta ba, tafiyarta ce ke ɗana ta.

Ga yadda abin yake. Duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura ya san in direba ya figi mota da ƙarfi sai ka ji an tura ka baya. A cikin makunni akwai wani ɗan nauyi zaune a kan sifirin. In injin roka ya kama ta zabura, wannan nauyin sai ya koma baya ya danne sifirin, kullen farko ya saki. Za ka ce to ai in akwati ya faɗo daga kan mota ma za a sami irin wannan girgizar. An yi tunanin haka. Faɗuwa bugu ɗaya ce ta wuce, nan take sifirin zai mayar da nauyin mazauninsa. Turin injin roka kuwa yana ɗorewa, nauyin zai zauna a danne har sauran kayan su sami damar motsawa. Makaman da ke juyawa a iska kamar katantanwa suna da wani kullen na daban, wanda juyin ne ke wurga shi gefe, kamar yadda dutse ke neman tserewa daga majajjawa. Bama-baman da jirgin sama ke saki kuma da yawansu wata 'yar farfela ce a hanci ko a wutsiya, sai iska ta juya ta adadin da aka ƙayyade kafin bam ya ɗanu.

Ko bayan makullai sun saki, ba a barin ashanar ta faɗa kan layi farat ɗaya. A wasu makunnan akwai 'yan haƙoran ƙarfe irin na cikin agogon hannu mai wani, suna rage mata sauri, tana matsowa a hankali. Amfanin wannan jinkirin shi ne roka ta yi nisa da wanda ya harba ta. In ba haka ba, reshen bishiya ko bakin katanga da ta goga a gabansa ya isa ya hallaka shi da abokan tafiyarsa.

To ta ɗanu, tana cikin iska. Saura karo. A mafi sauƙin tsari, hancin roka ya daki abu, wata allurar ƙarfe ta soki ashanar, shi ke nan. A wani tsarin kuma ba a dogara da hanci kaɗai ba: in roka ta tsaya cak, wani nauyi a ciki zai ci gaba da tafiya ya daki allurar, kamar fasinjan da goshinsa ke dukan kujerar gaba in an taka birki. Akwai kuma na lantarki. RPG-7, wadda Tarayyar Sobiyet ta fito da ita a 1961 kuma har yau ake ganinta a kafaɗar mayaƙa a kusan kowane fagen daga, kan rokarta da aka fi sani yana ɗauke da wani ɗan dutse da ke ba da lantarki in an matse shi. Irinsa ne a cikin laitar kunna risho mai gas, wadda kake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi. Hanci ya daki ƙarfe, dutse ya matsu, lantarki ya tafi ya kunna ashanar. Wasu makunnan kuma ana iya saita su kafin harbi: ko su tashi nan take a inda suka taɓa, ko su ɗan jinkirta kaɗan har roka ta huda rufi ko bango ta shiga ciki. Wasu an haɗa musu da abin kashe kai: ita wannan rokar ta RPG-7, in ta yi daƙiƙa huɗu zuwa biyar tana tafiya ba ta daki komai ba, wajen mita 900 ke nan, da kanta take tarwatsewa a iska.

Yanzu mu koma tsakar gidan da jaruminmu yake tsaye. Rokar da ke kwance a gabansa, a cikin ɗayan hali biyu take. Ko dai ba ta ɗanu ba, domin an harbo ta daga kusa ko wani kulle ya ƙi saki. Ko kuma ta ɗanu sarai, makullai duk sun buɗe, ashana ta hau layi, sai dai mataki na ƙarshe ne bai cika ba: ta dira a yashi ko taɓo mai laushi, ko ta faɗi a kaikaice hancin bai daki komai sosai ba, ko tsatsa da danshin ma'ajiya sun sa allura ta tsaya a rabin hanya. A hali na biyu, duk kariyar nan da muka lissafa ta riga ta tafi, kuma ba ta dawowa. Abin da ya rage tarko ne a ɗane, wanda ya sha bugu ya lanƙwashe, ba wanda ya san me ke riƙe da shi.

Kuma daga waje ba a bambance su. Ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba jan fitila mai ƙiftawa kamar yadda finafinai suka saba mana. Shi ya sa ƙwararrun masu kwance bam suke ɗaukar duk makamin da aka harba bai fashe ba a matsayin ɗananne, kuma sau da yawa ba sa ma ɗaga shi, a inda yake suke tarwatsa shi bayan an kwashe mutane. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon aikin, sanye da rigar kariya, yana tsoron taɓa abu, sai ga jarumin littafinmu da jallabiya da silifa ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Haba!

Tarihi cike yake da misalan hali biyun nan, kuma kowannensu ya isa littafi. Ranar 29 ga Yulin 1967, a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Forrestal, a gaɓar Biyetnam, wata tangarɗar lantarki ta sa roka samfurin Zuni ta tashi daga jikin wani jirgin sama da ke ajiye a kan dandamali. Ta tsallaka ta daki tankin man wani jirgin. Kan rokar bai fashe ba, domin tazarar ba ta isa ya ɗanu ba. Makunni ya yi aikinsa daidai. Amma man da ya zube ya kama da wuta, wutar ta gasa tsofaffin bama-baman da ke wurin, ba a yi minti biyu ba na farko ya tashi. Mutum 134 suka mutu. Darasin da ke nan ga marubuci shi ne wuta ba ruwanta da makulli. Wanda ya ce bari ya tara kara a kan abin ya ƙone shi ya huta, ya kira wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa.

A yaƙin tsibiran Fokland na 1982 kuma, matuƙan jiragen saman Ajantina suna tashi ƙasa-ƙasa dab da ruwa don kauce wa makaman Ingila. Dabarar ta kai su ga jiragen ruwan, amma bama-bamansu da yawa ba su sami isasshen lokaci a iska sun ɗanu ba, sai su huda jirgi su kwanta a ciki shiru. Ranar 23 ga Mayu biyu suka shiga cikin jirgin Antelope ba su fashe ba. Aka kawo sojojin kwance bam. Suna cikin aikin ɗaya ya tashi, ya kashe ɗaya daga cikinsu, jirgin ya kama da wuta, washegari ya nutse. Ku lura, ƙwararru ne, da kayan aiki, a tsanake.

Akwai kuma wani sojan Amurka a Afganistan a 2006, wanda rokar RPG ta shigo motarsu ta soke shi a ƙugu ta tsaya a jikinsa, wutsiyarta a waje. Abokansa suka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu suna sane da abin da ke jikinsa, likitoci suka yi masa aiki da masanin bam tsaye a gefensu. Ya rayu. Abin da aka ciro kuwa aka fita da shi waje aka tarwatsa. Ka yi tunanin ɗakin tiyatar nan: kowa ya san zai iya fita, ba wanda ya fita. Wane fagen jifa da roka bayan katanga ne zai kamo ƙafar wannan?

Wani zai ce, to malam, ai ƙirƙira ce, ba darasin soja muke rubutawa ba. A littafi aljani yana auren mutum, doki yana magana, don me roka ba za ta mutu ba? Amsata ita ce mai karatu ya san aljanin littafi na littafi ne. Ba zai fita gobe ya gamu da doki mai magana a hanyar gona ba. Amma yana iya gamuwa da wannan ƙarfen. Yaron da ke kiwo a dajin Borno ko Yobe ko yankin Diffa, manomin da ya koma garinsu bayan shekaru a sansanin gudun hijira, mai tura baro yana sayen gwangwan, duk suna iya cin karo da shi. A lokacin, abin da ya taɓa ji ko ya karanta game da shi ne zai yi masa jagora. In abin da ke kansa shi ne wanda bai fashe ba ya mutu, mu muka sa masa.

Ba zancen nesa nake yi ba. A watan Yunin 2025 wani abu ya fashe a cikin kayan gwangwan a Hotoro, cikin birnin Kano, mutum biyar suka rasu, 'yan sanda suka ce bam ne irin na soja. Kano ba fagen daga ba ce. Kasuwar tsohon ƙarfe ce ta kawo shi har gida. Mai saye yana auna nauyi ne, kuma abin nan yana da nauyi. A kudu maso gabashin Najeriya, yaƙin basasa ya ƙare tun 1970, amma sai a 2017 gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta kashe naira biliyan 88 wajen biyan diyya da kwashe ragowar bama-baman da ke ƙasa. Shekara 47 ke nan bayan an ajiye bindiga.

In muka leƙa waje abin ya fi haka. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba wa ƙasar Lawos bama-bamai sama da tan miliyan biyu, ciki har da ƙananan bama-bamai masu girman lemon zaƙi kimanin miliyan 270, waɗanda aka ƙiyasta kusan miliyan 80 ba su fashe ba. Har yau manoma da yara da masu neman tsohon ƙarfe suna mutuwa a kansu. A kudancin Labanon bayan yaƙin 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ƙananan bama-baman da suka rage a gonaki da garuruwa sun kai miliyan ɗaya. Da yawansu a cikin rokoki aka harbo su, akwai samfurin da roka guda ke ɗauke da 644. Jamus kuwa, a Satumbar 2017 sai da aka kwashe mutum kusan 60,000 daga gidajensu a Farankfot saboda bam ɗaya na Ingila da ya kwana a ƙasa tun yaƙin duniya na biyu. A 2010 wani irinsa ya kashe masu kwance bam uku a garin Gottingen. Tsufa ba ya kashe waɗannan abubuwa. Sau da yawa ma ƙara musu saurin fushi yake yi, domin ƙarfen da ke riƙe da allura yana ruɓewa, sinadarin kuma yana canza hali.

Akwai kuma masu ƙorafi ta ɗaya ɓangaren, kuma na fi ɗaukar nasu da muhimmanci. Su cewa suke, a ƙasar da ke fama da 'yan ta'adda, marubuci ya shiga bayanin yadda makami ke aiki, anya ba koyarwa yake yi ba? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai iyaka. Duba abin da na faɗa a sama: babu sunan sinadari, babu awo, babu yadda ake haɗawa ko buɗewa. Labari ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki, kuma duk marubucin da ya cusa su a littafi ya bar adabi ya shiga wani abu daban. Abin da labari ke buƙata shi ne halayyar abin, kamar yadda kake sanin halayyar kowane ɗan wasa a littafinka: me ke tayar da shi, me ke sa shi shiru, yaushe ne shirunsa ya fi haɗari. Sanin cewa kububuwa tana kwanciya lamo kamar matacciya bai mayar da kowa gardi ba, hana shi kai hannu yake yi. Wanda ke da mugun nufi ba a littafin soyayya da yaƙi zai nemi ilmi ba. Wanda rashin sanin ke kashewa shi ne yaron da ya ga ƙarfe mai kyau a gona.

Ni a ganina matsalarmu ta samo asali ne daga inda muke ɗebo hotunan yaƙi. Kusan duk daga fim ne, na Indiya da na Amurka, su kuma masu fim abin da zai yi kyau a ido suke nema. Daga nan muka gaji agogon da ke ƙirgawa da jajayen lambobi, da jar waya da shuɗiyar waya, da jarumin da gumi ke ɗiga daga goshinsa yana zaɓen wadda zai yanke. Roka ba ta da wayar da za a yanke. Daga nan muka gaji mutumin da ke harba RPG daga cikin ƙaramin ɗaki ko daga kujerar mota, alhali wutar da ke fita ta bayan bututun ta isa ta ƙone na bayansa, ta dawo masa daga bango. Daga nan muka gaji rokar da aka harba daga taku biyar ta tashi da gida, bayan mun ga cewa an gina ta ne musamman don kada ta yi haka. Mai karatu ɗaya cikin ɗari da ya taɓa aikin soja, ko ya zauna a garin da aka yi yaƙi, yana zuwa nan zai rufe littafin. Kuma a yau irin waɗannan masu karatun ba kaɗan ba ne a cikinmu.

Haka nan kalmomi. Muna cakuɗa roka da makami mai linzami da gurneti da harsashin igwa kamar duk abu ɗaya ne. Roka tana ɗauke da injinta, amma in ta tashi ba mai juya akalarta. Makami mai linzami shi ake sarrafawa ko yake bin abin da aka nuna masa. Harsashin igwa ba shi da inji, turi ɗaya aka yi masa daga bututu. Motar nan ta Rasha mai suna Grad, mai bututu 40, tana iya zazzage rokokinta duka cikin daƙiƙa 20 zuwa nisan kilomita 20, kuma ba gida ɗaya take nema ba, fili guda take rufewa. Wanda ya san wannan ba zai rubuta cewa an saita ta a kan tagar ɗakin amarya ba. Zai kuma gane cewa bayan irin wannan ruwan wuta, abin da ya kamata mutanen garin su tambaya da safe shi ne: guda nawa ne ba mu ji ƙararsu ba, kuma ina suka faɗa?

Wannan tambayar ita ce labarin da ba mu rubuta ba tukuna. Fashewa daƙiƙa ɗaya ce, layi biyu ta ƙare a takarda. Rashin fashewa kuwa babi ne guda. Ɗauki gidan da muka fara da shi, ka cire jarumin. Abin ya huda rufin kwano ya nutse a tsakar gida, tsakanin rijiya da ɗakin da tsohuwa ke kwance ba ta iya tafiya. Ƙofar fita ɗaya ce, kuma ta gefensa za a bi. Maigida ya taɓa jin wani jami'i a rediyo yana cewa kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a sa masa wuta, a koma ta inda aka fito, a sanar da hukuma. Ƙaninsa kuma yana ganin kafin hukuma ta zo an kwana uku, gara a sa igiya a ja shi zuwa bayan gari. Maƙwabci ya riga ya fara lissafin kilo nawa zai yi a sikelin mai gwangwan. Uwargida tana ƙirga yara ta ga babu ɗaya, ga akuya ta tsinke tana nufar wurin. Mai unguwa ya zo ya tsaya daga zaure, an ce ya yanke hukunci. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba a wannan babin, amma mai karatu ba zai iya ajiye wayarsa ba, domin marubucin ya riga ya sanar da shi abin da wasu daga cikin mutanen gidan ba su sani ba: allurar tana rabin hanya.

In ka ga dama ka bar abin ya fashe a ƙarshe, in ka ga dama sojoji su zo su kwashe unguwar su tarwatsa shi, gidan ya tafi amma rai ya tsira, maigida ya tsaya yana kallon inda ɗakin mahaifiyarsa yake a da. Wannan zaɓinka ne. Abin da kawai nake roƙo, duk wanda ya ɗauki abin nan da hannu a littafinka, kada labarin ya tafa masa.

Kalmar makunni da na yi amfani da ita tawa ce, ban ce ta zauna ba. 'Yan uwa na Maiduguri da Damaturu da Diffa, da waɗanda suka yi aikin ɗamara a cikinmu, in akwai sunan da mutane ke kiran wannan na'ura ko ita rokar da ba ta fashe ba a bakin yau da kullum, ku ajiye mana shi a ƙasa mu ɗauka.